Sunan Rakiya Ba Ya Jikin Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na zuba babbar riga, na shafa turare, na raka ɗiyata Rakiya jarrabawar birebe ta kammala koleji ba, alhali duk gidanmu ni kaɗai na san da wuya a ce sunanta yana cikin masu zama. E, na sani sarai. Kada ku wahalar da kanku wajen nema mini uzuri, na riga ku nema ban samu ba.

Bakina ne ya fara jawo mini. Ni tsohon mushe ne, na yi shekaru ina koyarwa kafin in ajiye alli in koma gonar hatsi a garinmu, can kusa da Dumega. A shekarar Rakiya tana ajin ƙarshe na koleji. Yau yajin aiki, gobe malamin lissafi bai dawo daga Dogon Dutsi ba, jibi iska ta kwashe rumfar aji. Raina ya ɓaci. Ran taron iyayen yara a lakwal, wato makarantar, na miƙe gaban kowa na nuna darakta da yatsa. Sunansa Mushe Garba, kuma tare muka yi firamare (ni nake zuwa na ɗaya, shi yana can wajen na sha biyu, zancen da ban taɓa gajiya da maimaitawa ba).

"Garba," na ce, ko mushen ban liƙa masa ba, "wanga wuri ba lakwal ba ne, garke ne! Na cire ɗiyata. A gida zan koyar da ita, ta zauna jarrabawa a kan kanta, kuma wallahi sai ta wuce duk ƴan ajinka."

Ko murya bai ɗaga ba. Ya ce, "To, madalla. Sai dai ka tuna, mai zama a kan kansa shi ke kai dosiyensa, takardun rajistarsa, Tibiri da hannunsa. Ka biyo in sa maka hannu da hatimi a takardar shaidar ajin da ta gama."

Na karkaɗe riga na fita ina huci, har da tsaki.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan kaina, na iya koyarwa. Na kafa rumfa a tsakar gida, na shafe katako da baƙin tsohon batir ya zama allo. Daga asuba zuwa hantsi lissafi, bayan azahar Faransanci. Da igiya muka auna rumbunmu ta fitar da yawan hatsin da zai ci. Da inuwar gawo ta gano tsawonsa ba tare da kowa ya hau ba. Yarinyar da a da take tsoron buɗe baki a aji, sai ga ta tana kama ni da kuskure a allo tana dariya. Burinta ɗaya ne, ta ci birebe ta tafi lise, makarantar gaba da koleji, a Dogon Dutsi tare da ƙawayenta. Ni kuwa kullum ina teburin mai shayi ina cika baki, har mutum biyu suka ce baɗi za su kawo mini nasu yaran.

Hatimin nan kawai ya tsaya mini a wuya.

Sau biyu na ɗauki hanya da niyyar roƙon Mushe Garba. Na farko na hango shi zaune da malamai a gindin itacen bedi, sai na miƙe kamar injin niƙa za ni. Na biyu shi ya fara ganina, ya ɗaga hannu: "Mushe, shigo mana!" Na ce a'a, akuyata nake nema. (Akuyar tana ɗaure a turke, tana kallona lokacin da na fita.) Kullum sai in ce gobe, in hucewa ta zo. Hucewar ba ta zo ba sai da kwanaki suka ƙare.

Daga baya na ɗauki dosiyen haka nan babu hatimi, na hau babur zuwa Tibiri. Matar da ke karɓa ta buɗe ta rufe. "Malam, an kulle tun sati biyu. Kuma ma ina hatimin darakta?" Na marairaice, ni da na kasa marairaicewa a garinmu. Ta ce wani lokaci akan fitar da ƙarin sunaye, in bar shi nan, amma kada in sa rai. Duk maganarta "wani lokaci" kaɗai kunnena ya ɗauka.

Da na dawo uwar Rakiya ta tare ni a bakin zaure. "Malam, an karɓa?"

"An gama," na ce.

Ta rangaɗa guɗa. Rakiya ta yi tsalle ta koma kan littafinta. Wata biyu ina kallonta tana bita har idonta ya faɗa. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa, sai in tambaye ta babban birnin wata ƙasa.

Ranar ta zo. A kolejin nan da na kira garke ake zaman, da jandarma a bakin ƙofa, iyaye sun cika gindin bedi. An liƙa sunaye a jikin ƙofar kowane aji. Rakiya na riƙe da bik biyu na rubutu da abin ja layi, ta sa yatsa ta bi takardar farko daga sama har ƙasa. Ta koma ta biyu. Ta koma ta uku. Sannan ta sake farowa daga ta farko.

"Baba, ban ga sunana ba."

To, nan ne mai hankali zai ja ɗiyarsa gefe ya faɗa mata gaskiya. Ni kuwa me na yi? Na yaye hannun babbar riga na ɗaga murya: "Jama'a ku shaida! An cire sunan ɗiyata saboda hassada! Sun san za ta kunyata su!" Mutane suka taso. Wani tsoho har ya fara taya ni faɗa, Allah Ya yafe mini.

Mushe Garba ya fito a natse. "Mushe, zo mu shiga ofis mu yi magana."

"Babu inda za ni! Nan za ka faɗa, gaban mutane!"

Ya dube ni, ya dubi Rakiya. Ya shiga ofis ya fito da takarda ɗaya ya miƙo mini. Takardar shaidar ce, da sunanta, da sa hannunsa, da hatimi shuɗi raɗau, da kwanan watan ranar taron iyaye.

"Tun ran nan na sa mata hannu," ya ce. "Randa kake biɗar akuya, takardar nan na kira ka in ba ka. Dosiyenta bai shiga ba, Mushe. Kai ma ka sani."

Tsohon da ke taya ni faɗa ya ja baya yana salati. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka shige, ƙawayenta suna waiwayenta. Da ma ta yi kuka, da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, ai ka ce an gama."

Muka kama hanyar gida. Ita tana gaba, ni ina baya, turaren nan yana bina yana hawa mini kai.

Da aka kammala jarrabawa Mushe Garba ya aiko mata da takardar lissafin da aka yi. Ta zauna a rumfa ita kaɗai, ta aje agogo, ta yi, ta mayar masa. Ya ba ta sha bakwai bisa ashirin, ya ce a ajinsa ba a samu ko ɗaya da ya kamo ta ba. Kun ji, alkawarina ya cika, a takardar da ba mai lissafawa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ƙawayenta sun tafi Dogon Dutsi. Ranar da motarsu ta tashi ba ta fito daga ɗaki ba. Mutum biyun da za su kawo mini yara, yanzu in mun haɗu zancen damina kawai muke yi. Allon yana nan a rumfa, kaji na kwana a kansa.

In akwai darasi a ciki, shi ne wanda zai buɗe makaranta a gidansa ya fara zaunar da kansa a ajin farko, ya koyi faɗin "don Allah ka yi haƙuri". Ni na koya, amma shekarar ɗiyata aka biya kuɗin karatun da ita. Bana ranar da aka buɗe karɓar dosiye na je na gaida Mushe Garba, da mushensa cikakke. Kafin kofin shayin da ya zuba mini ya huce an buga hatimi. Washegari ina Tibiri.

Da na dawo na same ta tana tsintar wake. Na ce, "Rakiya, an karɓa. Wannan karon da gaske."

Ba ta ɗago ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Nuna mini takardar karɓa, Baba."

Na ciro na ba ta. Ta sa yatsa tana neman sunanta, daga sama har ƙasa, sannan ta sake farowa.