Kerkeci, Akuya da Kek ɗin Mama Aili

"A faɗin lardin nan," in ji Wendell Torkelson, "ba a haifi wanda zai ƙulla min tambayar lissafi in kasa kwancewa ba. In ma an haife shi, to bai fara magana ba tukuna."

A teburin surukansa ya faɗi haka, bakinsa cike da dankali. Surukinsa, Baba Eino, ya miƙa masa gishiri.

Bari in gaya maka ko wane ne Wendell. A shagon ƙusa da fenti yake aiki, amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse aron sa aka ba shagon daga jami'a. Wasan ƙwaƙwalwar da ke bayan jarida da biro yake cike shi, wai fensir na masu shakka ne. In ka shiga sayen guduma, ba za ka fita ba sai ka faɗa masa wanne cikin jiragen ƙasa biyu zai riga isa tasha. Mutanen gari suna kiransa Kai-ya-fi-hula, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

To, a bazarar nan likita ya hana Baba Eino tuƙi saboda idonsa. Tsohon yana da jirgin ruwa mai inji, fari tas, wanda yake kai iyali gidansu na hutu a tsibirin da ke tsakiyar tafki. Ya ce ranar bikin cikarsa shekara tamanin zai miƙa makullin ga ɗaya daga cikin mazan 'ya'yansa biyu: ko Wendell mijin Marlys, ko Duane mijin ƙanwarta, mutumin da in ya yi dogon jawabi ya ce "Haka ne." Wendell ya riga ya sayi hular matuƙa, ya ɓoye ta a ƙarƙashin kujerar motarsa.

Ranar biki sauran dangi suka riga suka tsallaka tun da safe, Baba Eino da Duane suka wuce kamun kifi da babban jirgin. Wendell aka bar wa ɗauko surukarsa Mama Aili, da ƙanwarta Inna Helmi, da kek ɗin bikin, wanda Mama Aili ta kwana biyu tana yi, hawa uku, fari kamar ƙanƙarar Janairu. Da suka iso bakin tafki babu komai sai ɗan kwale-kwalen nan na filafili, mai ɗaukar matuƙi da mutum ɗaya.

"Sai mu jira Eino," in ji Mama Aili. "Kafin azahar zai dawo."

Wendell bai ji ta ba. Yana tsaye yana kallon su, idanunsa suna ƙyalli.

Ka san Mama Aili da Inna Helmi ba a barin su su kaɗai, tun rabon kayan uwarsu da aka yi, tukunyar miya guda ta faɗa hannun ɗaya. Ba ihu suke yi ba, mu nan ba a ihu. Ɗaya za ta ce, "Rigar nan ta yi miki kyau, ashe har yanzu tana shigarki," shi ke nan biki ya lalace. Inna Helmi kuma tana da ciwon suga, ba a barin ta ita kaɗai da kayan zaƙi, don yatsanta ba ya jin maganar likita.

"Ikon Allah," in ji Wendell a hankali. "Shekara da shekaru ina warware ta a takarda, yau ga ta da ranta."

"Wa?" in ji Inna Helmi.

"Tambayar manomi da kogi. Kerkeci, akuya da kabeji, jirgi ba ya ɗaukar fiye da ɗaya. In ka bar kerkeci da akuya su kaɗai zai cinye ta, in ka bar akuya da kabeji za ta cinye shi. Mama, ke ce kerkeci. Inna, ke ce akuya."

Inna Helmi ta gyara tabarau. "Ni ce me?"

"Misali ne kawai, Inna. Kek kuma shi ne kabeji."

"Kek ɗina ne kabeji," in ji Mama Aili.

"A lissafi, Mama."

"To, madalla."

In tsohuwa ta ce maka "to, madalla" a yankinmu, leɓenta a tsuke, mai hankali yakan fara neman ƙofa. Wendell ya ɗauka izini ne. Ya riga ya hango Baba Eino yana dawowa ya tarar da kowa a tsibiri lafiya lau, ba faɗa, ba a taɓa kek ba, ya zaro makulli ya miƙa masa.

"Zan iya riƙe kek ɗin a cinyata," in ji Mama Aili. "Ba shi da nauyi."

"Doka ta ce abu ɗaya a kowace tafiya."

"Dokar wa?"

"Dokar tambayar, Mama."

Ya ajiye kek a kan dandamalin katako na bakin ruwa, ya sa hular matuƙa, ya kama hannun Inna Helmi ya shigar da ita. Inna Helmi, Allah ya yi mata jiki. Da ta zauna a baya sai gaban kwale-kwalen ya ɗaga sama kamar zai gaida wani. Wendell ya ja filafili, ya ja, gumi ya jiƙa hular sabuwa. Tsibirin da ake gani kusa daga gaɓa ya yi ta ja da baya.

"Yaro, ka iya ruwa kuwa?" in ji Inna Helmi.

"Na san ka'idarsa."

"To."

Suka isa. Aka tarbi Inna Helmi, aka zaunar da ita a inuwa, ta cire takalmi, aka kawo mata gahawa. Marlys ta leƙo daga kicin, hannunta duk gari.

"Wendell, ina Mama? Me ya sa ba ku jira Baba ba?"

"Marlys, ki koma kan tukunyarki. Yau za ki san wa kika aura."

"Ai na sani," in ji ta, ta koma.

Ya komo gaɓa, ya ɗauki Mama Aili. Ta waiwayi kek ɗinta da aka bari a rana.

"Shi kaɗai za a bar shi?"

"Kabeji in yana shi kaɗai babu abin da ke samunsa. An tabbatar da wannan tun zamanin da."

Duk tsawon tafiyar jakarta na kan gwiwa, tana kallon hularsa.

Yanzu aka zo wurin da gwanintar take. Duk wanda ya san tambayar ya san in ka kawo kerkeci, dole ka koma da akuya. Tsibirin cike yake da mutane, 'ya'ya da jikoki da matar fasto, kowannensu zai iya zama tsakanin tsofaffin biyu. Amma a takarda gaɓa ba kowa, Wendell kuwa takarda ya yarda da ita. Kuma gwani ba ya faɗin amsa kafin ya gama. Mama Aili na sa ƙafa a ƙasa, ya tafi wurin Inna Helmi, ya sunkuya, ya rage murya.

"Inna, ki sa takalminki. Za mu koma."

Ta ajiye gahawar da ba ta kai rabi ba. "Mu koma?"

"Ba zai yiwu a bar ki nan tare da Mama ba."

Inna Helmi ta dubi yayarta, wadda ta zo tare da shi yanzun nan a jirgi ɗaya, su biyu, Allah kaɗai ya san me aka tattauna a tsakiyar ruwa. Ta gyaɗa kai sannu a hankali.

"Ashe haka ne. To, ba komai."

Ta sa takalmi, ta bugi gwiwarta da tafin hannu, ta ce, "To, bari in tashi."

Ka san abin da wannan bugun gwiwa yake nufi a wurinmu: baƙo zai koma gida. Gida gaba ɗaya ya miƙe. Ba wanda ya tambaye ta dalili, don tambaya rashin kunya ce. Kowa ya dubi Mama Aili ta gefen ido, ya gane komai, ya kau da kai. Mama Aili kuwa ta ɗauka ƙanwarta ce ta gan ta ta tashi, ta ce a ranta, tukunyar nan dai.

Aka fara sallama. Sallamarmu kuwa ba ta gaggawa ba ce. Aka yi sallamar inuwa. Aka yi ta bakin ƙofa, inda aka tattauna gwiwar matar fasto. Marlys ta fito da idanu jajaye tana cika robobin man shanu da abinci: dankali, kifi mai hayaƙi, burodi.

"Haba Marlys, kada ki wahalar da kanki."

"Ɗan kaɗan ne, Inna."

"Ba zan iya karɓa ba."

"Don Allah."

"To, rabi."

"Jama'a," in ji Wendell, "ba wani abu ba ne, mataki na huɗu ne kawai."

"Wendell, ka yi shiru," in ji Marlys. "Ba lokacin wasanka ba ne."

Aka yi sallamar bakin ruwa, aka koma ciki neman gyalenta, aka sake ta bakin ƙofa tunda an sake bi ta ƙofar. Rana ta hau tsakiya. Da ƙyar Wendell ya samu ya tura kwale-kwale, Inna Helmi a baya da robobi har haɓa, mutane a gaɓa suna ɗaga hannu har suka zama ƙanana.

Tun daga nesa ya ga dandamalin ya yi fari yana motsi. Ya ce a ransa hasken rana ne. Da suka matso sai hasken ranar ya buɗe fikafikai. Tsuntsayen tafkin nan ne masu kwaɗayi, kamar an aika musu goron gayyata. Hawa na sama babu shi. Hawa na biyu wani ƙato yana tsaye a ciki har gwiwa. Ragowar kuwa rana ta narkar da shi, yana ɗiga ta tsakanin katako, ƙananan kifaye suna nasu bikin a ƙasa.

"Kabejinka ya samu baƙi," in ji Inna Helmi.

Wendell ya yi tsalle ya hau dandamali, ya cire hula yana kora. Ya kori wannan, wancan ya sauka. Yana cikin yi musu bayanin cewa babu su a tambayar, Inna Helmi ta fito da kanta, ta kwashi robobinta, ta taka zuwa motarsa. Makulli yana jiki, kamar na kowa a garin. Ta gyara madubi, ta tayar.

Ƙarar injin ce ta juyo da shi.

"Inna, tsaya. Ai zan dawo in ɗauke ki. Ke ce ta ƙarshe."

Ta sauke gilashi. "Na saba, yaro. Ka gaida mutan gida."

Ya bi motar da gudu har kwanar itatuwa, sannan ya dawo yana haki. A nan ya tuna cewa a takarda ba a ɗaure jirgi. Kwale-kwalen yana can yana tafiya shi kaɗai a kan ruwa, cikin natsuwa, ya fi yadda yake tafiya da matuƙi. Wayarsa kuma tana cikin mota. Ya zauna kusa da farantin kek. Wani tsuntsu ya zo ya tsaya gefensa, suka yi ta kallon tafki tare.

Can sai ga babban jirgi, fari tas, ya jawo kwale-kwale a baya kamar ɗan maraƙi. Duane ne a sitiyari. Baba Eino yana zaune gefensa, Mama Aili da Marlys a baya. Mama Aili ta sauko, ta tsaya a kan farantinta, ta daɗe tana kallo.

"Mama, ka'idar daidai take," in ji Wendell. "Abin da ya faru shi ne..."

"Kai ka ce wa Helmi ni na kore ta?"

"Ban ce haka ba. Cewa na yi ba za a bar akuya..."

"Duane, kawo motarka," in ji Mama Aili.

Suka tafi su biyu neman Inna Helmi. Marlys ta zauna a jirgi tana kallon wani gefen. Baba Eino ya fito da ƙugiya yana gyarawa. Wendell ya lura da makullin jirgin yana lilo a jikin bel ɗin Duane lokacin da ya wuce, amma ya ce a ransa wataƙila riƙo ne.

Da la'asar suka dawo, Inna Helmi a gaba, Mama Aili a baya, da kek ɗin kanti a cinyarta. Tsofaffin biyu suna hira. Shekara da shekaru ba a ga haka ba. Sun samu abin da suka yarda a kansa, kuma da suka fito daga mota duka biyun shi suka kalla.

Kowa ya shiga jirgi. Kujeru sun rage har da na miƙe ƙafa. Wendell ya kakkaɓe hularsa, ya ɗaga ƙafa zai shiga, Baba Eino ya tare shi da sandar ƙugiya.

"Dakata, ɗana. Ni ma na ɗan yi lissafi a hanya."

"Baba, ai akwai wuri."

"Wuri akwai. Amma in na haɗa ka da Aili, za ta cinye ka. In na haɗa ka da Helmi, za ta cinye ka. Marlys kuwa ba na jin za ta bar ko ƙashi. Ko ba haka ba, mai jirgi?"

"Haka ne," in ji Duane, ya tayar da inji.

"To ni fa, Baba? Ni kaɗai za a bari a nan?"

Baba Eino ya dubi tsuntsayen da suka jeru a kan dandamali, ƙoshe, suna gyaran fikafikai. Ya dubi Wendell tun daga hula har takalmi.

"Kada ka damu," in ji shi. "Su ma suna zaɓen abin da za su ci."