Rigar Ruwan Ɗorawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je tarbar ’yata Hanifa a filin jirgi ba, ko da kuwa na so in manta, don abokan shagona na Rikkos sun ɗauki alkawarin tuna mini.

Ni tela ne. Da muka rabu da mahaifiyarta, aiki ya kai ta Legas, ta tafi da yarinyar. An daɗe ana kai-kawo a kotu kafin alƙali ya yanke cewa duk dogon hutu Hanifa za ta zo Jos wurina, kuma ni zan shirya tafiyar. Mota uwar ta ce a’a, sai jirgi, a hannun ma’aikaciyar da za ta damƙa mini ita hannu da hannu. Ta kuma ja mini kunne a waya: “Malam Sabo, ko ƙwarzane ta samu, kotu za mu koma.”

Daga ranar na daina zama a duniyar nan. Ina taka keke, amma zuciyata tana can sama. Ina ganin jirgi ya keto hazon da ke kwanciya kan duwatsu da safe, ƙofa ta buɗe, ’yar ƙaramar Hanifata ta sheƙo da gudu, na cafe ta na cilla sama. Ina ganin mu a Tina Junction muna hura gasasshiyar masara. (A wannan mafarkin ne na haɗa wa wani Alhaji aljihu a baya.) Har riga na ɗinka mata, ruwan ɗorawa, na aika Legas, na ce ita za ta sa ranar. Awo? Haba, wa zai koya mini awon ’yata? Yana kaina.

Ranar na isa filin jirgi na Heipang tun masu shara ba su gama ba. Da fasinjoji suka fara fitowa, idona ya cika da ƙwalla, komai ya zama dishi-dishi. Ƙasa-ƙasa nake duba, daidai tsayin da na san ta. Sai ga ruwan ɗorawa yana tafe, ɗan mitsitsi. Ban tsaya wata-wata ba, na sure ta na ɗaga sama ina “Hanifata! Hanifata!”

Yarinya ta tsala ihu. Wata mata ta sauke mini jaka a gadon baya. “Oga, lafiya? Ajiye mini pikin!” Na duba fuskar da ke hannuna. Wallahi ban taɓa ganin ta ba. Mutane suka taru, ga mai gadi ya riƙe mini hannun riga, ni kuwa bakina sai “yi haƙuri, madam” yake maimaitawa.

Can gefe na hango ma’aikaciyar jirgi tsaye da wata doguwar yarinya mai tabarau, ta kusa kai mata kafaɗa. (Kiran bidiyo fuska yake nunawa, jama’a, ba ya nuna tsayi.) Na matsa na miƙa katin shaidata. Ma’aikaciyar ta dubi katin, ta dube ni, ta dubi wadda na ɗauka tana ta shessheƙa, sai ta ciro waya. Kira ɗaya zuwa Legas, hutun nan ya tashi, wataƙila har da na baɗi.

Kafin ta danna, ta juya ga doguwar yarinyar. “Wannan ne babanki?”

Hanifa ta dube ni sama da ƙasa. Sannan ta ce, “Shi ne. Ga tef ɗin awonsa nan a wuya.”

Ashe da shi na fito tun daga gida, a kan babbar rigata.

Sai a lokacin na lura da abin da ta rungume a ƙirji. Rigar ce, a ninke. “Abba, ba ta shige ni ba,” in ji ta. “Shi ne na riƙo ta a hannu don ka gane ni. Tun daga ƙofa nake ɗaga maka ita.”

Kunyar jakar madam wasa ce a kan wannan. Na zare tef ɗin nan, na durƙusa a gaban kowa na auna ta, ita tana dariya.

Yanzu duk wanda ya shigo shago ya ce, “Ai ka san awona,” sai in ce masa ya tsaya in sake. Na taɓa sanin awon wata.