Yadda Za Ka Gina Hanyar Kekuna Ba Tare da Mai Keke Ya Dame Ka Ba

Shekara ashirin da biyu na yi ina injiniyan tsara gari a majalisar Kafur Dabbus, a bakin ɗaya daga cikin rassan kogin Nilu. A tsawon wannan lokaci na karɓi takardar yabo daga Turai sau ɗaya. Ga yadda aka yi. Idan ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawarin takardar yabo, da hoto a bangon ofis, da garin da ya zauna daidai yadda ka same shi.

Mataki na ɗaya: Ka tabbatar babu mai keke a garinku

Turawan da za su ba da tallafi suna son ganin ci gaba, kuma babu inda ci gaba ya fi sauƙin farawa kamar sifiri. Don haka ka yi ƙidaya. Ka zauna a bakin tagar ofis da ƙarfe sha ɗaya, da shayi a hannu, ka ƙirga duk wanda ya yi kama da hoton da suka aiko: hular kwano, gajeren wando mai matse cinya, gorar ruwa.

Za ka ga Ammu Shahata, wato Baffa Shahata, ya wuce. Kada ka ruɗe. Gaskiya ne a kan keke yake, kuma shekara talatin da huɗu ke nan yana raba gurasa a kansa, da tiren sandunan dabino mai tsawon ƙyauren ɗaki, hawa biyu, a bisa kai, hannu ɗaya a tire ɗaya a sitiyari. Amma jallabiya ce a jikinsa da silifa. Ba ya cikin hoton. Ka saka shi a layin "sauran abubuwa", tare da jakuna da amalanken kankana.

Ka rubuta sifiri, ka sa hannu. Ilimin jami'a ba ya wuce haka.

Mataki na biyu: Ka zaɓi titi

Kada ka tambayi inda mutane suke zuwa. Mutane suna zuwa wurare da yawa, kuma fenti ba zai isa ba. Ka zaɓi titin da ya taso daga ƙofar majalisa, don shugaba ya riƙa ganin aikinsa ba sai ya tashi ba. Namu ya yi mita ɗari takwas, ya ƙare a bakin magudanar ruwa. Ka shafe gefensa da koren fenti.

Kafin fenti ya bushe, Fikri mai shayi zai jera kujerunsa a kai.

"Basha, Allah ya saka da wannan darduma," in ji shi, don a nan duk mai ofis Basha ake ce masa. "Amma da kun tambaye ni, ja ta fi shiga da kujeruna."

Kada ka kore shi. Ka ɗauki hoton dattawa suna buga ludo a kan koren fenti, ka rubuta a ƙasa cewa rayuwar al'umma ta inganta.

Mataki na uku: Ƙofa da doka

Hanya marar ƙofa fenti ce kawai. Ka sa maƙeri ya ƙera ƙofar ƙarfe mai lanƙwasa, da sunan shugaban majalisa a sama. A wajenmu ba a auna irin wannan ƙofa da tef. Shugaba ne yake tsayawa a wurin, a ƙara taƙi ɗaya a bisa kansa, don idan an ɗauki hoto sunansa da fuskarsa su fito tare. Ustaz Midhat, shugabanmu, mutum ne mai halaye da yawa, amma tsawo ba ya cikinsu.

Sai doka, sakin layi biyu. Na farko, tunda yanzu kekuna suna da hanyarsu, an hana su hawa babban titi. Na biyu, babu mai hawa koren fenti sai da hular kwano.

A nan ne za ka lura cewa titin da ka zaɓa shi ne hanyar Ammu Shahata daga gidan gurasa zuwa unguwa. Babban titi an hana shi, koren fenti babu hula, ƙofa kuma ta yi wa tirensa ƙasa. Sai ya zagaya ta bayan magudanar ruwa, rabin awa ƙari, gurasa ta iso a sandare.

Zai zo ofis. Ba zai sauka daga keke ba, ta taga zai yi maka magana.

"Basha, kai ɗaya Allah ya ba ni, kuma da ɗan haya a kansa. A ina zan sa kwanon?"

"Doka ce, Ammu. Don lafiyar kanka aka yi ta."

"Shekara talatin da huɗu kaina yana lafiya. Sai da kuka fara kula da shi ya fara ciwo. Mu'allim Gabir mai gidan gurasa ya ba ni mako ɗaya. In gurasa ta ci gaba da hucewa, zai ba mijin 'yarsa hanyata, shi yana da babur mai ƙafa uku."

"Wanda hayaƙinsa yake korar sauro?"

"Shi. Ka ga kun samu tsabtar iska."

Ka ce masa za a kafa kwamiti. Ka rufe taga a hankali, don kada ta taɓa tire.

Mataki na huɗu: Kada ka bi ta ƙofar gidan mahaifiyarka

Wannan matakin ni ban bi shi ba, shi ya sa nake gargaɗinka. Mahaifiyata, Hajja Ni'mat, tana hawa na uku, kuma tun ina makarantar firamare take zuro kwando da igiya daga baranda kowace safiya, Shahata ya jefa gurasa biyar ba tare da ya taka birki ba. Ranar da na je gaishe ta, sai na ga kwando yana saukowa a kaina. Gurasa ɗaya ce a ciki, da za a iya buga ƙusa da ita.

"Ci," ta ce daga sama.

"Umma, tsarin sufuri ne na zamani, ba za ki..."

"Na sayar da awarwarona ka yi jami'a don ka hana ni karin kumallo. Ci, injiniya. In Shahata ya rasa hanyarsa, kai ma ka rasa wannan matakalar."

Na ci. Maƙwabta suna kallo ta tagogi.

Mataki na biyar: Ka nemo masu keke

Ranar buɗe hanya baƙuwa za ta zo daga Turai, kuma za ta so ganin kekuna. An aiko da sha biyu. Ka zaɓi akawu sha biyu daga ofis. Kada ka ɓata lokaci wajen koya musu hawa, mutumin da ya shekara ashirin a kujera ɗaya ba zai yarda da kujera mai motsi ba. Ka koya musu tsayuwa: ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a feda, da fuskar wanda ya taho daga nesa. Ka fesa musu ruwa a goshi.

Mataki na shida: Ranar kanta

Tamu ta faɗo daidai rana ta bakwai ta wa'adin Mu'allim Gabir. An ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, Ustaz Midhat ya tsaya ƙarƙashin sunansa da almakashi, Fikri ya ja kujerunsa baya taku ɗaya don girmamawa. Baƙuwar, Madam Femke, ta dubi akawuna sha biyu ta yi murmushi, ta ce ta bakin tafinta tana so ta gan su suna tafiya.

Babu matakin da zai cece ka daga wannan. Suka tafi. Uku suka faɗi tun kafin feda ta zagaya, biyar suka shiga cikin 'yan ludo, sauran suka bi juna zuwa ƙarshen hanya, inda na riga na faɗa maka abin da yake can.

Ana cikin tsamo su sai muka ji ƙararrawa. Shahata ne da gurasar rana, ya yanke shawarar in za a kore shi, a kore shi da gurasa mai zafi. Ya taho a kan koren fenti ta inda kibiyar da muka zana ta ce kada a taho, ya kauce wa akawu biyu da tebur ɗaya. Da ya iso ƙofa sai ya zame daga sirdi, ya durƙusa a kan ƙarfen keke, gwiwoyi a waje kamar kwaɗo, tire ya wuce ƙarƙashin sunan shugaba da tazarar yatsa. Sitiyari ya tsinke jan ƙyalle. Ustaz Midhat ya rage da almakashi a buɗe. Gurasa ko ɗaya ba ta faɗi ba.

Madam Femke ta yi ta ɗaukar hoto. Ustaz Midhat, wanda bai kai wannan muƙami a banza ba, ya rufe almakashi ya ce, "Ɗalibinmu na farko ke nan."

Ta tambaya ina hularsa. A nan ake gane injiniya. Ka cire hular kwano daga kan akawu mafi kusa, ka hau kujerar Fikri, ka ɗaure ta a saman gurasa. Ta yi dariya ta ɗauki wani hoton, shugaba ya ga ta yi dariya ya ce an cika doka, magatakarda ya rubuta.

"Basha," in ji Shahata, "yanzu gurasa ta tsira. Saura ni."

Mataki na bakwai: Rahoto

Ka rubuta cewa masu keke sun ƙaru daga sifiri zuwa ɗaya. Babu birnin Turai da ya taɓa samun irin wannan haɓaka. Hoton Shahata zai hau bangon rahoto, takardar yabo za ta zo da sunanka, shi kuma zai riƙe hanyarsa. Babur mai ƙafa uku ya koma jigilar siminti. Kwandon Hajja Ni'mat yana hawa da tururi, kuma an sake buɗe mini matakala.

Sai lada. Turawa sun ji daɗi, sun amince da kashi na biyu: ƙofofi huɗu, kowacce irin ta farko sak, don ba a taɓa tsarin da ya yi nasara. Shahata yana da shekara sittin da ɗaya. Yanzu sau biyar yake durƙusawa a zuwa, sau biyar a dawowa. Makon jiya ya sake tsayawa a tagata.

"Basha, taƙi ɗaya kawai. A ɗaga su taƙi ɗaya, gwiwoyina su huta."

"Ba ni nake aunawa ba, Ammu. Kan shugaba ne. Sai in an canza shi."

Ya gyara zaman tire, hular kwano tana lilo a saman gurasa.

"Mataimakinsa fa?"

"Shi tsawonsa iyakar kafaɗar shugaba."

"To Allah ya ja kwanan Ustaz Midhat," in ji shi, ya buga ƙararrawa ya tafi. A shekara tara na mulkinsa, wannan ce addu'a ta farko da na ji an yi masa daga zuciya.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin gwiwar kowa, ko akawun da ya sha ruwan magudana, ko abin da uwa za ta zuro wa ɗanta a kwando. Duk mai ƙorafi ya kawo shi ofishina da kansa, a kan keke, ta koren fenti, sanye da hular kwano. A ƙidayarmu mutum ɗaya ne zai iya, kuma shi yana da gurasar rabawa.