Mai Sunan Malam

Malam Badamasi mai gonar fiya a Nguroje damuwarsa a duniya guda ɗaya ce, kuma da bakinsa yake faɗa, don haka ba gulma ba ce: har gemunsa ya yi fari fat ba a yi masa takwara ba. Allah ya ba shi 'ya'ya maza, kuma da fiyar nan ya yi musu karatu, ya yi musu aure, har da wanda ya saya wa babur. Amma duk sanda aka haifa wa ɗayansu namiji, sai ya zuba babbar riga ya je ya zauna kusa da liman yana gyaran murya, sai ya ji an ce Ayman, ko Ammar, ko wani sunan da shi kansa liman sai ya sake tambaya. Autan ma, wanda ya fi sa wa rai, sunan uban matarsa ya sa. Malam ya shafa fatiha tare da kowa, ya ci goro, ya dawo gida da abin a ransa. Ragon da ya ɗaure tun haihuwar jikan fari, da niyyar ba takwara in ya zo, ya tsufa a turke har haƙoransa sun fara zubewa.

Bana da fiya ta zubar da fure ta fara 'ya'ya, sai aka ga ɓawonsu yana yin wani tabo mai kaushi, ruwan ƙasa, kamar bayan kada. Alhaji Ya'u, mai babbar motar da ke kwasar fiya zuwa kudu, abokinsa tun suna yara, ya tsinki ɗaya ya jujjuya.

"In ta girma a haka, ko kyauta ka ba ni ba zan ɗora wa motata ba," in ji shi. "'Yan birni da ido suke cin fiya."

Ana cikin haka sai ga wata mai binciken ƙwari daga jami'a, Rifkatu, tana zagaya gonakin yankin. Aikinta ba wuya a ido. Takan tara farin faranti a ƙarƙashin reshe, ta kaɗa reshen, sai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari su zubo, waɗanda in ba motsi suka yi ba sai ka ce ƙura ce. Sai ta sa ɗan siririn burushi ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta jefa cikin kwalba. Ta yi wa Malam bayani cewa su ne ke kankare ɓawon fiya tun tana ƙarama, kuma iri-iri ne: wasu masu ɓarna, wasu kuma masu cin masu ɓarnar, sai an sa su a madubin likita an ƙirga gashin fukafukinsu ake tantancewa. Malam yana ta gyaɗa kai kamar yana ganin abin, alhali farantin kawai yake gani.

Can sai ta tsaya a kan wani, ta kawo ɗan madubinta kusa, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ban gane shi ba, Baba. Sai na kai shi ɗakin bincike."

"To 'yata, in aka duba aka ga duk duniya ba a taɓa ganin irinsa ba fa?"

"Sai a raɗa masa suna. Wani lokaci ma sunan mai gonar ake sa masa, kuma in ya shiga littafi ya shiga ke nan, har Turai da shi za a riƙa kiransa."

Ta faɗa ne tana rufe kwalba, ko ɗagowa ba ta yi ba. Shi kuwa Malam sai da ya dafa bishiya. Jika ko an yi maka takwaran, ɓoye sunan ake yi a koma kiransa Abba ko Halifa. Wannan kuwa manyan likitoci ne za su riƙa cika baki suna cewa Badamasi, a garuruwan da ko taswirarsu bai taɓa gani ba. Daɗi ya kama shi, har ya ji ya yafe wa autan.

"Amma kada ka jira ni," in ji Rifkatu. "Sauran na gane su, masu ɓarna ne. Ka yi feshin ruwan darbejiya cikin makon nan, tun 'ya'yan suna ƙanana."

"Feshin zai iya bambance wannan da sauran?"

"A'a Baba, duk zai haɗa da su."

Malam ya ce to madalla, Allah ya kiyaye hanya. Tana juya baya ya ɗauki injin feshi ya rataye shi a can ƙuryar rumbu.

Da ya kai wa matarsa Hajiya Lantana labari, ta ajiye muciya ta dube shi da kyau.

"Malam, ƙwaro fa."

"Shi ma halittar Allah ne. Ina aka taɓa yi wa takwara feshi tun ba a yi suna ba?"

Hajiya mace ce mai kunya irin ta da, tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kuma ba a kan ƙwaro za ta fara ba. Don haka ta yi masa abin da ake yi wa kowane takwaran maigida, ta koma kiransa mai sunan Malam. Kullum ta dawo daga ɗebo itace sai ta kawo rahoto, fuskarta ba alamar dariya.

"Mai sunan Malam ya gama da bishiyoyin bakin rafi, ya hauro na bayan gida."

"Ƙuruciya ce, zai daina."

Bai daina ba. Maƙwabta duk suka yi feshi, ƙwarin unguwa suka tattara iyalansu suka yi ƙaura zuwa gonar da ba a korar baƙo. Malam kuwa kullum da safe sai ya ɗauki farantin tangaran na Hajiya, ya ari tabaranta, ya je ya kaɗa reshe a hankali don kada ya ji wa wani ciwo. Cikin ɗaruruwan ɗigon da ke yawo a farantin bai san wanne ne nasa ba, sai ya gaishe su gaba ɗaya. Har majalisa ya kai labari, ya ce a wani daga cikin ƙwarin ma yana ganin kamar akwai kama a goshi. Tsohon ragon nan aka ƙara masa dusa, shi kansa bai san dalili ba. Ba wai Malam bai ga fiyarsa tana lalacewa ba, yana gani, kuma yana jin zafin abin har cikin ransa. Amma fiya kowace shekara tana dawowa, suna kuwa ya daɗe yana jira.

Sai da fiya ta kusa isa tsinka sannan Rifkatu ta dawo. Tun daga bakin shinge ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Baba, ba ka yi feshin ba?"

"Bar zancen feshi, 'yata. Yaya yaron?"

Da ƙyar ta gane wa yake nufi. Sannan ta ce sun duba shi ciki da bai, sun ƙirga duk abin da ake ƙirgawa, ashe sananne ne, ko'ina akwai shi. Abin da ya rikita ta shi ne namiji ne, alhali mata aka fi kamawa.

"Namiji ne ma," in ji Malam a hankali. "To, suna fa?"

"Yana da suna tuntuni, Baba. Sunan wani Bature aka sa masa, tun kafin a haifi kakanka."

Ta faɗi sunan. Malam ya ce dogo ne, sai da ta numfasa a tsakiya.

"Ba a canjawa? Ko a haɗa biyun, nawa ya zo daga baya, ba komai."

"Ba a canjawa, Baba. Ka yi haƙuri."

Ranar lodi, motar Alhaji Ya'u ta bi gona-gona ta cika maƙil da fiyar maƙwabta, mai santsi, mai sheƙi. Ta Malam ko buhu ɗaya ba ta hau ba. Da yamma Ya'u ya tsayar da motar daidai majalisa, ya sauko yana karkaɗe riga, ya gaisa da kowa, sannan ya nemi wuri kusa da abokinsa. Ya jira sai da wurin ya yi tsit.

"Malam Badamasi, yaya takwara? Yaushe ne sunan, mu san ranar cin ragon nan kafin ya mutu da kansa?"

Malam ya ɓare goro, ya jefa rabi a baki, ya miƙa masa rabi.

"Ai yaron nan jinin gidana ne, Ya'u, ba ko tantama. A gonata ya ci ya ƙoshi, da aka zo raɗa suna sai aka kai wa wani."