Dangwalen Shuɗi a Zaɓen Makiyayar Garinmu

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Guangzhou ba, shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik. Na yi dako a Kwari, na kwana a tasha a Kwatano, an taɓa tsare ni kwana biyu a filin jirgi. Duk ban ji komai ba. Takarda guda ɗaya ce ta kayar da ni.

Sana'ata wandon jins. Ina zuwa Xintang, garin da ake ɗinka shi, in zaɓa, in tura Kano. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Lamba na sani, faɗin ƙugu na sani, yadi kuwa hannuna ke gane shi. Ina lasar babban yatsa in murza ƙyalle. Idan shuɗi ya biyo yatsan, rinin banza ne, sai in ce wa mai shago meyo, babu ciniki, in wuce. Shi ya sa yatsan nan nawa kullum shuɗi ne, har a sahun salla an san shi. Abin da ba a sani ba shi ne ban iya karatu ba. Idan aka miƙo mini takarda sai in zaro gidan tabarau, in girgiza kai, in ce gilashin ya fashe ban gyara ba. (Ban taɓa mallakar tabarau ba. Gidan kawai na saya.)

A ƙaramar hukumarmu akwai makiyaya. Ƙungiyar 'yan asalin yankin ta kafa asusu domin kare ta: a yi shinge, a dasa itace, a kai ƙara idan wani ya ci iyaka. A can na yi kiwo ina yaro, a can awakin Inna suke ci har yau. Sai aka kawo gyara a dokar asusun, wai a yanki gefen titi a sayar a gina shaguna. Gefen titin nan kuwa shi ne burtalin da dabbobi ke bi zuwa tafki. Rassan ƙungiya huɗu sun yi zaɓe, biyu sun yarda, biyu sun ƙi. Saura mu, reshen Sin, mu goma sha bakwai. Inna ta tambaye ni a waya ta ina awakinta za su bi su sha ruwa. Na ce ta bar mini.

Mai son shagunan a cikinmu shi ne Alhaji Sabo, kuma a kwantenarsa yawancinmu ke loda kaya. Babu mai son ɗaga hannu a gabansa. Ni kaɗai na fito na ce ban yarda ba, har ya sa mini suna Sarkin Makiyaya. Ga shi lokacin an tsaurara biza saboda wasannin, 'yan sanda na bin gidaje suna duba fasfo, baƙar fata goma a ɗaki ɗaya sun isa a ƙwanƙwasa ƙofa. Don haka shugaban reshe, Malam Isuhu, ya ce ba za a yi dogon jawabi ba. Zaɓen sirri za a yi da takarda, a gama a watse. Ya ba Nura, ɗalibin garinmu mai karatun haɗa magunguna, aikin rubutawa. Ya kuma ce tunda ni ne mai baki, ni zan duba rubutun in amince, kada gobe in ce an yi mini wayo.

Ran Laraba Nura ya same ni a ɗakina a unguwar Dengfeng. Takardar baƙi ƙirin da Turanci, irin wanda lauyan ƙungiya ya turo daga gida, da akwatuna biyu a ƙasa. Ya ce, "Kawu, ko in karanta maka?" Na ce ya bari, daga nesa ina gani. Na miƙe hannu da takardar, na motsa leɓe, na ƙirga talatin a zuci. Don ya san da gaske nake, na ɗora yatsa a wani layi na ce nan fa? Ya ce ai kwanan wata ne. Na ce to, ya yi.

Yana shirin fita na tambaye shi, kamar ban damu ba, ko akwatin sama shi ne eh. Ya ce shi ne. Shi ke nan na yanke hukunci. Takarda ce ta asusun kare makiyaya, ni kuma ina son a kare ta, to eh ke nan. Wane tunani ya rage?

Amma hankalina bai kwanta ba. Ran Alhamis na je Xintang, na kasa ciniki. Sau uku ina zaro waya in kira Nura ina mayarwa. Me zan ce masa? Kawun da ya amince da rubutu yana tambayar abin da rubutun ya ce? Da yamma wasu 'yan uwa biyu masu sayar da waya, waɗanda mahaifinsu ke da shanu a makiyayar, suka tare ni a bakin gada suka tambayi wane akwati ne namu. Ban ko ƙifta ido ba na ce na sama. (Allah ya yafe mini, har kafaɗarsu na dafa.)

Bayan Juma'a muka hau benen wani gidan abinci, biyu biyu, don kada a lura. Mai wurin ya ba mu rabin awa, ya tsaya a tagar yana leƙen titi. Aka ja labule a lungu, kowa ya shiga da takardarsa. Da na shiga na tarar da biro a kan kujera. Hannuna bai san biro ba. A gida zaɓe dangwale ne, haka na saba. Na zaro ƙyallen samfur daga aljihu, wani mai zubar da rini da na ƙi saye jiya, na lashi yatsa, na murza sosai, na danna a akwatin sama. Ya fito raɗau. Har na tsaya na yaba.

Malam Isuhu ya fara buɗe takardu. Eh tara, a'a takwas. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Sai na ji Alhaji Sabo ma ya ce alhamdu lillahi. Muka kalli juna, kowa na murmushi. A nan na san akwai matsala, domin ni da shi ba mu da abin da zai sa mu murna tare.

Malam Isuhu ya ce gyara ya wuce, za a sayar da gefen titi. Eh ɗin, ashe, eh ce ga cire sashen da ya hana sayarwa. Sannan ya tsaya a kan wata takarda, ya ɗaga ta sama yana juyawa. Goma sha shida an yi musu alama da biro. Wannan kuwa ga zanen babban yatsa, shuɗi, a akwatin sama. Idanu duka suka sauko kan hannuna. Na cusa shi a aljihu, kamar hakan zai taimaka.

"Sarkin Makiyaya," in ji Alhaji Sabo, "ashe tare muke? Da ka faɗa mini ai da ban yi mako ina jin haushinka ba."

Babban cikin 'yan uwan nan biyu ya miƙe ya tambaye ni me aka ba ni har na tura su akwatin Alhaji. Malam Isuhu kuma ya riga ya ɗauko waya zai kira gida ya faɗi sakamako. Abu biyu ne a gabana: in yi shiru a ce na sayar da burtali, ko in faɗi abin da na ɓoye shekara ashirin. Da sunana kaɗai ne, wallahi da na yi shiru. Amma akwai awakin Inna.

Na tashi, na ajiye gidan tabarau a kan tebur, na buɗe shi kowa ya ga babu komai.

"Ban iya karatu ba," na ce. "Ko sunana ban iya ba. Ban san abin da ke cikin takardar nan ba, na ce ya yi."

Sai wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Nura kaɗai bai yi ba, kansa a ƙasa. Malam Isuhu ya ajiye wayar. Ya miƙa wa Alhaji Sabo takardar ya ce ya fassara mana da Hausa. Alhaji ya ce zaɓe ya riga ya wuce. Malam Isuhu ya ce ya ji, a dai fassara. Alhaji ya duba, ya yi gyaran murya, ya ce shi ma dai Nura ne ya nuna masa akwatin. Mutum uku kuma suka ce sun yi sakandare, amma canka suka yi.

Malam Isuhu ya ce wa Nura ya faɗi abin kamar yana gaya wa kakarsa. Nura ya ce, "A sayar da gefen titi, ko a bar wa dabbobi." Iyakarta ke nan. Shafi guda cike.

Mai gidan abinci na ta nuna agogo. Aka ari kwanuka biyu aka kai bayan labule, aka sa makulli a gaban ɗaya domin masu son shaguna, ganyen kabeji a gaban ɗaya domin masu son a bar wa dabbobi, aka kifa faranti a kan kowanne. Na zazzage maɓallan jins daga aljihuna, kowa ya ɗauki guda. Ganye goma, makulli bakwai. Malam Isuhu ya kira gida a gabanmu, muka sauka biyu biyu.

Watan nan Alhaji Sabo ya ce kwantenarsa ta cika, na nemi wata. Bayan mako biyu ya aiko mini da ƙunshi. Tabarau ne, na gaske, daidai gidan. Har yau 'yan reshe Mai Tabarau suke kirana. Da na kira Inna na ce burtali na nan, cewa ta yi ai dama ta sani, ta tambaya ko ina cin abinci.

Ni da ba na sayen wando sai na lashi yatsa na murza, ni ne na amince da takardar da ban san cikinta ba. Yanzu duk wanda ya miƙo mini takarda cewa nake ya karanta, ya maimaita da Hausa, sannan ya gaya mini idan na ce eh me zai sami awaki.