Yadda Za Ka Miƙa Wa Ɓarawo Sunanka Cikin Ladabi

Ɗan'uwa, idan sunan da aka raɗa maka ya fara yi maka nauyi, gyara zama. Ni Badarou, tela a nan Zongo, na yi maka alkawari: ka bi matakan nan biyar, kafin wata ya ƙare wani zai ɗauke maka sunan, da lambar waya, da mutuncin da ka yi shekara talatin kana tarawa. Da kaina na gwada, kuma a lokacin da ya fi dacewa, saura mako uku magabatana su je neman auren Jalila, 'yar Alhaji Ilyas mai shanu.

Mataki na 1: Yawaita fotokofi

Duk biro, wato ofis, da ya nemi kofi ɗaya na katin shaidarka, ka buga biyar. Waɗanda suka fito da duhu ko a karkace, ka bar wa mai shagon fotokofin. Kada ka yaga, yaga takarda mai hotonka ba alama ce mai kyau ba. Shi ma mai shagon ba zai zubar ba, akwai masu saye da kilo.

Ni na san aikina ya yi kyau ranar da na sayi tsire a unguwar Jonquet aka naɗe mini shi da fuskata, ga ranar haihuwa, ga lambar kati, yaji ya zauna daidai kan hancina. Dariya na yi, har na nuna wa mutane. Ban tambayi inda sauran kofin suka nufa ba, kai ma kada ka tambaya.

Mataki na 2: Kula da maroƙi

Akwai abin da takarda ba ta faɗa, kamar sunan da tsohuwarka ke kiranka da shi a cikin gida. Wannan aikin Mounkaïla maroƙi ne. Je bikin suna, zauna inda zai hango ka, ka ɗan taɓa aljihu. Zai juyo da lasifika: "Badarou ɗan Lubabatu, jikan Latif na Malanville, Autan Hajiya, angon gobe a gidan Alhaji Ilyas."

Idan ka ji kanka ya fara girma, liƙa masa ya maimaita. Wayoyi ashirin suna ɗaukar bidiyo, kafin la'asar tarihin gidanku ya isa Godomey da inda ba ka taɓa takawa ba. Masana irinmu sun tabbatar cewa sirrin da ba a faɗa da lasifika ba yana kawo ciwon ciki.

Mataki na 3: Amsa kira da tarbiyya

Wata safiya kana tsakiyar ɗinki za a kira ka da murya mai sanyi, a gaishe ka da Faransanci.

"Bonjur, Mushe Badarou. Daga kamfanin waya ne. Autan Hajiya, ko? Yaya Hajiya Lubabatu da jiki?"

Zai karanto maka lambar katinka ba gargada, sannan ya ce za a rufe layinka yau sai in ka faɗa masa lambobi shida da suka turo yanzu. A ƙasan saƙon za ka ga an rubuta da Faransanci kada a ba kowa. Wannan don baƙi aka rubuta. Mutumin da ya tambayi jikin mahaifiyarka ai ya zama ɗan gida.

Karanta masa a hankali. Ni har sau biyu na maimaita, domin wani zemijan, ɗan acaba, ya wuce da ƙara, na ji tsoron kada bawan Allah ya rubuta ba daidai ba. Da muka gama na yi masa godiya.

Mataki na 4: Ka ce rezo ne

WhatsApp ɗinka zai rufe. Ka ce rezo ne, matsalar layi kawai, ka ci gaba da taka kekenka kwana uku. Kada ka gaya wa kowa, kada ka je kamfani. Ka ba sabon Badarou sarari, shi ma aiki yake. Nawa Badaroun ya rubuta wa kowa cewa an tsare shi a kan iyakar Togo, a taimaka masa don Allah. Abokaina sun share, tunda suna kallona a shago. Alhaji Ilyas kuwa yana can arewa sayen shanu, ba ya ganina.

Mataki na 5: Tsuguna gaban Alhaji

Idan Alhaji ya dawo, ɗauki kawunka ku tafi tare, ka cire takalmi tun daga bakin zaure. Ga yadda tamu ta kasance.

Alhaji ya ce, "Badarou, sau uku ka roƙe ni cikin kwana biyu. Na farko ma Baba ka kira ni."

Na ce, "Wallahi Alhaji, ba ni ba ne."

"Na sani. Jalila ta duba saƙon, ta ce ba ka taɓa rubuta Faransanci babu kuskure ba. To wa ya ba shi lambobin?"

"Ni ne, Alhaji."

"Wuƙa ya zare maka?"

"A'a. Gaishe ni ya yi."

Kawuna ya sunkuyar da kai yana ƙirga tabarma. Alhaji ya ce, "Shekara arba'in ina harkar shanu, ban taɓa miƙa wa mutum igiya don ya iya gaisuwa ba. A dakata da maganar Jalila sai bayan babbar salla, mu ga ko zuwa lokacin kai kaɗai ne Badarou."

Sanarwa

Duk abin da ya biyo bayan bin wannan shawara, babu ruwana, babu ruwan kekena. Kada ka kira ni ka yi ƙorafi, ko Jalila ta daina ɗaga wayata. Ta aiko cewa ba za ta ƙara yarda ni ne ba sai ta gan ni da idonta a ƙofar gida, ƙofar gidan kuma Alhaji ya hana ni. Abin yana cina, ba na ɓoye maka.

Idan dole sai ka kai ƙara, a komisariya 'yan sanda sun ce layi huɗu aka buɗe da katina. Ka zaɓi Badaroun da ya yi maka cikin sauran, ni dai a ƙyale ni, ina jiran babbar salla.