Ranar da Na Tashi Kare Katin Asibitinmu

Ranar aurena ma tana iya ɓace mini, amma ba zan taɓa mantawa da Larabar da abokan aikina suka tura ni in yi magana da yawunsu ba. Har yau idan abin ya faɗo mini ina kan moto, wato babur, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi a cikin hular kwano.

Ina aiki a wani kamfanin sarrafa man kaɗe da ke hanyar Dungu, ni ne mai kula da sito. Albashin dai ba na faɗa a bainar jama'a ba ne, amma muna da abu guda da muke yi wa duk Tamale yanga da shi, wato katin asibiti. Kamfani ke biyan inshora. Kai kuwa sai ka shiga asibitin kuɗi, ka ajiye kati a kan tebur kamar wani minista, a duba ka, a ba ka magani, ka fito ba ka taɓa aljihu ba.

Ni kam na ƙaunaci katin nan. (Matata Azara ta ce fiye da yadda nake ƙaunarta. Ban musa ba, na dai ce ƙaunar ba iri ɗaya ba ce.) Ni mutum ne mai sauraron jikinsa. Gwiwa ta yi ƙara, asibiti. Ido ya yi rawa, asibiti. Sai da ta kai mai gadin ƙofar asibitin yana ajiye mini wurin faka moto a inuwa.

Ana nan, wata safiya muka tarar da takarda a allon sanarwa. Wai kamfanin inshora ya ƙara kuɗi, namu kamfanin kuma ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Daga sabuwar shekara an cire tabarau da gyaran haƙori, duk wanda ya je asibiti zai biya wani kaso daga aljihunsa, sannan an sa iyaka ga magungunan da ake sha kullum, irin na hawan jini da ciwon suga. A ƙasan takardar aka ce ranar Laraba wakiliyar inshora za ta zo ta yi bayani.

Da rana muka taru a gindin mangwaro, kowa da ledar wake da shinkafarsa, ana ta kumfar baki. A gefe guda kuwa ga Mma Sanatu zaune, dattijuwar da ke sashen tsince ƙwarar kaɗe. Duk mun san ciwon suga gare ta, kuma katin nan ne ke ba ta magani wata-wata.

Fuseini direba ya nuna ni da cokali, ya kira ni "Massa", wato oga a bakin 'yan garinmu. "Massa, kai ne ka iya Turanci. Ranar Laraba kai za ka tsaya mana."

Sai kowa ya ɗauka: "Shi ne! Shi ne!" Na ɗan yi ƙi-ƙi na nuna kawaici, amma a cikin raina har na fara zaɓen rigar da zan sa.

Kwana uku ina atisaye a gaban madubi. Na koyi inda zan ɗaga yatsa, da inda zan yi shiru in dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Azara tana tuƙa tuwo tana kallona ta taga.

"Maigida, kai ne za ka yi wa mutane maganar asibiti?"

"Wa ya fi ni sanin asibiti?"

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji ta. (Na ɗauka baƙin ciki take yi da ɗaukakata.)

Ranar Laraba na zuba batakarina, rigar saƙin nan tamu, sabo fil, mai faɗin nan da idan ka juya sai ya buɗe kamar lema. Aka cika ɗakin cin abinci maƙil. Manaja na zaune a gaba, kusa da shi wakiliyar inshora, wata mata 'yar siririya mai sanyin murya da tabarau a kan hanci. Aka miƙo mini makirfo.

Jama'a, na yi magana. Ban taɓa jin daɗin muryata irin na ranar ba. Na kawo tsadar masara, na kawo kuɗin makaranta, na kawo kuɗin mai. Na juya, batakari ya buɗe, aka yi tafi. Da na ga tafin ya yi daɗi sai na ƙara abin da ba ya cikin atisaye. Na buga ƙirji na ce, "Madam, mu nan talakawa ne masu haƙuri! Babu mai taka ƙofar asibiti a cikinmu sai ciwo ya kayar da shi ƙasa!"

Ɗaki ya ɗauka da sowa. Fuseini har da hawa kan benci. Na koma na zauna ina fifita da gefen riga, makirfon yana hannuna, don ban ga wanda ya cancanci in miƙa masa ba.

Madam ta tashi a natse. Ta ce gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, kuma babban dalilin ƙarin shi ne magani ya hau, asibitoci ma sun ƙara kuɗinsu. Sannan ta gyara tabarau ta ce akwai kuma wani ƙaramin dalili, za ta ba da misali amma ba za ta kama suna ba, don sirrin marar lafiya amana ne.

"Akwai mutum ɗaya a kamfanin nan da ya je asibiti sau ashirin da uku a shekarar da ta wuce."

"Kai!" in ji jama'a.

"Wane mugu ne wannan?" in ji Fuseini.

Ni ma na girgiza kai na ce, "Allah ya shirye shi." Kuma wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, don ni ban taɓa ƙirgawa ba.

"Wata rana ya zo a guje wai harshensa ya yi ja, jini ne. Da likita ya bincika, ashe sobolo ya sha, wato zoborodo."

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ta fito a bushe. Na ce wa kaina ai masu shan sobolo a garin nan ba su ƙirguwa.

"Wata rana kuma ya ce kunnensa na hagu ya fi na dama girma."

Na sa hannu na rufe kunnen hagu kamar ina sosawa.

"Sai kuma ranar da ya zo da shaƙuwa. Shaƙuwar minti goma. Tun yana kan layi ta tsaya, amma ya ce sai ya ga likita."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da na sani kawai, an yi mini ƙarya a gaban jama'a, kuma ba zan yarda ba. Na kai makirfo baki na ce da ƙarfi, "Haba Madam, ki ji tsoron Allah! Wace minti goma? Tun daga gidana a Nyohini ta fara, awa biyu cur ina fama!"

Tsit.

Na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya. Madam ta dube ni ta saman tabarau, ta ce a hankali, "Ni dai ban faɗi suna ba."

Ɗakin ya tarwatse. Fuseini ya zame daga benci yana riƙe da ciki. Manaja ya kifa fuska a kan fayil, kafaɗunsa na rawa. Matan sashen tsince-tsince suna tafa hannu da juna suna share hawaye. Na yi ƙoƙarin gyarawa, na ce, "Ina nufin wani abokina ne," sai wani daga baya ya ce, "Massa, juyo mu ga kunnen!"

Na zauna ina addu'ar batakarin nan ya haɗiye ni gaba ɗaya. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Mma Sanatu ce, ta miƙo mini ruwan leda. "Sha, ɗana, kar shaƙuwar ta dawo."

Sannan ta karɓi makirfon daga hannuna. Ba ta juya ba, ba ta ɗaga yatsa ba. Ta kwance bakin mayafinta ta zazzage kwalayen maganin da ta shanye a kan teburin Madam. Da Hausarta mai gauraye da Dagbanci ta ce, "Ni sau goma sha biyu na je, wata ɗaya, zuwa ɗaya. Ni ba na shan sobolo, likita ya hana. Idan kun yanke wannan, me zan sha?"

Dariya ta ɗauke. Madam ta ɗauki kwali ɗaya ta juya shi, ta yi rubutu a takardarta. Bayan mako biyu aka manna sabuwar sanarwa: an janye iyakar da aka sa wa magungunan kullum. Tabarau da haƙori dai sun tafi, kason da za mu riƙa biya ma yana nan daram, kuma har yau a kamfanin ba a kiransa da wani suna sai "kuɗin shaƙuwa". Ni kaina haka nake kiransa, don idan na faɗi sunansa na gaskiya ba wanda ke ganewa.

Da yamma na isa gida, tun kafin in kashe moto na ji maƙwabciyarmu ta ce "hik" ta bayan katanga. Labari ya riga ni zuwa Nyohini.

Bara gaba ɗaya sau biyu na je asibiti, kuma duka biyun zazzaɓi ne na gaske. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa: idan mutum ya tashi a taro ya ce ba zai kama suna ba, to ka taimaka masa, kai ma kada ka kama.